Yadda Gajeren Zango Ya Yi wa Baƙi Tafinta da Bigila

Duk layin babu mai kiran mai gyaran rediyon nan da sunansa na gaskiya. Gajeren Zango ake ce masa, kuma ya ci sunan ta fuska biyu. In ya zauna bayan teburinsa, hularsa kawai ake hangowa tsakanin gawarwakin rediyoyi da tulin matattun batura. Sannan kuma ba ya kama tashar kusa. Tun safe yake murɗa allura yana farautar tashoshin bayan teku, waɗanda ake jin su kamar mutum na waƙa a cikin rijiya ana ruwan sama a kan kwano.

"Ni da kuke gani," haka yakan ce wa duk wanda ƙaddara ta zaunar a bencinsa, "babu ƙasar da ban shiga ba. Ta kunne na shiga. Abin da na gano shi ne, yare wahala ce kawai mutane suka ɗora wa kansu. Kiɗa shi ne harshen da kowa ya zo duniya da shi. A ba ni minti biyar da bigilata, in sa mutumin da bai taɓa ganina ba ya ba ni labarin kakarsa."

Bigilar tana rataye a bango, ta yi kore-kore. Shi dai cewa yake shekara bakwai ya yi da ita a wata babbar ƙungiyar mabusa. Matarsa ta ce shekara bakwai ɗin gaskiya ne, amma goge ta yake yi. Ranar da ya busa sau ɗaya aka sallame shi, aka haɗa masa da ita.

Shagonsa yana ƙasan wani bene, bango ɗaya da shagon tela. A bayan shagunan akwai tsakar gida da ɗakunan 'yan haya, da ɗakin Inna mai gidan, tsohuwar da take jin faɗuwar cokali daga hawan sama amma ba ta taɓa jin ƙorafin ɗan haya ba.

Wata Litinin wani injiniya, baƙo daga wata ƙasa mai nisa, ya kama ɓangaren da ke saman shagon tela. Ya ajiye iyayensa, tsoho mai farin gashin baki da tsohuwa mai jiki da tabarau, ya cika musu firji, ya tafi aikin gada a wani daji inda waya ba ta shiga. Shi kaɗai ne yake jin maganar mutanen gari. Kafin ya tafi ya sa wa ƙofa sarƙa, da alama kuma ya ja musu kunne kada su buɗe wa kowa.

Kwana uku da tafiyarsa rufin shagon tela ya fara ɗiga. Ɗigon farko a kan farin yadin wata mata ya sauka. Kafin rana ta take, tela ya jera kwanoni biyar da tukunyar matarsa, yana ɗinki da lema a kafaɗa.

Aka kira mai gyaran famfo, wani ƙato mai gemu wanda sai ya karkata yake shiga ƙofa. Ya ɗaga kai ya dubi rufin ya ce, "Bututu ne ya fashe a makewayinsu. Makullin ruwan ɓangaren yana ciki. Babban makullin gidan kuwa tsatsa ta cinye shi, in na matsa masa a hannuna zai karye. A bar ni in shiga, aikin rabin awa ne."

Ya hau ya ƙwanƙwasa. Tsohuwar ta buɗe iya tsawon sarƙa, ta ga ƙato da sifana kamar cinyar sa, ta maida ƙofa garam. Tela ya hau ya gwada da hannu: ya nuna ƙasa, ya nuna kansa, sannan ya ja yatsa a maƙogwaro, wai nufinsa ruwan nan zai kashe shi. Daga nan aka ji ana jan kujeru ana tokare ƙofa. Matar tela ta kara wayarta a jikin ƙofar ko za ta fassara abin da suke faɗa, wayar ta rubuto cewa akuya tana neman takalminta.

Aka taru a tsakar gida. Inna ta buga sandarta a ƙasa. "Wayoyin wutar gidan nan duka a cikin bangon can suke. In ya jiƙe, ni da ku sai dai a ba da labarinmu."

A nan ne Gajeren Zango ya fito yana goge bigila da gefen rigarsa.

"Kun gama?" in ji shi. "To ku kauce, ku ba masu ilimi wuri."

"Wane ilimi?" in ji tela. "Yarensu kake ji?"

"Yare! Kai har yanzu kana zamanin yare? Shi ya sa wandon da ka ɗinka mini ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Ƙafarka ce ɗaya ta fi ɗaya."

Matar Gajeren Zango tana shanya, ta juyo. "Malam, rediyon direba fa, da ka ce yau za ka haɗa?"

"Ke, ana maganar ceton gida kina maganar rediyon direba. Ku saurara. Gajeriyar busa uku, sallama ke nan. Doguwa mai gangarowa, ruwa yana zuba. Mai karkarwa a ƙarshe, don Allah a buɗe. Ko jariri ya san wannan."

Ya hau matakala, gidan duka na biye da shi. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara hula, ya cika kumatu. Busar farko babu abin da ya fito sai ƙura da busasshen kyankyaso, wanda ya sauka a gemun mai famfo. A ta biyu wata ƙara ta fito kamar an taka wutsiyar jaki a cikin tanki. Gajeren Zango ya ji daɗin kansa, ya lumshe ido, ya ja doguwar. Ta hau, ta sauka, ta sake hawa, karnukan layin suka amsa.

A ciki aka ji gudu, aka ji kujeru na faɗuwa. Ƙofa ta buɗe gaba ɗaya, tsoho da bokiti, tsohuwa da baho, idanu a waje, suna neman inda gobarar take. Abin da suka fara gani shi ne ɗan gajeren mutum ya yi jawur, kumatu kamar za su fashe. Suka sheƙa masa duka biyun. Suka duba hagu da dama babu hayaƙi, sai ƙaton nan da sifana. Garam.

Gajeren Zango ya tsaya ruwa na tsiyaya daga hularsa, da kumfar sabulu a kunne. Ya juye bigila, ruwa ya zubo. Sannan ya juyo da murmushi.

"Kun gani? Me na ce musu?"

Ya nuna hularsa da ke tsiyaya.

"Ruwa na ce. Me suka kawo?"

"Cewa aka yi su tsayar da ruwa," in ji tela, "ba su ƙaro ba."

"Wannan ƙananan ƙa'idoji ne. Jigon magana dai ya isa."

"Da ka kauce daga bakin ƙofar," in ji mai famfo yana cire kyankyaso daga gemunsa, "da na shiga."

Washegari kwanonin tela suka zama tara. Tela ya hau keke ya tafi kasuwa sayen tamfal. Gajeren Zango kuwa ya tono wata jita daga ƙarƙashin tarkacen shagonsa, mai tsirkiya uku, ɗaya ma wayar birki ce.

"Kuskuren jiya," ya ce wa matarsa, "bigila harshen sojoji ce. Tsofaffi da zuciya ake musu magana. Kuma taro ne ya firgita su. Yau ni kaɗai zan hau."

"Malam, ka bari ɗansu ya dawo mana."

"In ya dawo ya tarar da tafki? Ke dai ki zuba ido."

Ya leƙa shagon tela, matar tela ta fita zubar da kwano. Ya zari jiƙaƙƙiyar rigar tela daga ƙusa, ya ciro hoton tela da ke bango, wanda ya ɗauka da awo a wuya, don baƙin su ga wanda suke cuta. Ya hau, ya zauna a bakin ƙofa ya tanƙwashe ƙafa, ya soma kaɗa tsirkiya yana wani irin nishi mai tsawo, babu kalma ko ɗaya.

Can sai ƙofa ta buɗe iya sarƙa, idanu huɗu suka leƙo. Gajeren Zango ya ɗaga hoto. Ya ɗaga riga ya matse ta, ruwa ya zuba. Ya nuna ƙasa. Sannan ya rufe ido ya karkatar da kai gefe ya saki harshe, wato sana'ar bawan Allahn nan tana mutuwa. Ya sake kama jita da kuka.

Tsohuwar ta cire tabarau ta dafe baki. Tsohon ya zare hularsa a hankali. Suka miƙo hannu ta tsakanin sarƙa suka karɓi hoton da rigar kamar masu karɓar ƙwai. Shi kansa Gajeren Zango hawaye ya zubo masa, don bai san ya ƙware haka ba.

Ya sauko yana taku ɗai-ɗai. "An gama," ya ce wa mai famfo. "Suna zuwa da ƙafarsu."

Suka kuwa zo. Su biyun cikin baƙaƙen kaya, tsohon rungume da hoton tela an ɗaura masa baƙin ƙyalle, tsohuwar da rigar a ninke da furen da ta tsinko daga tukunyar taga. Suka shiga shago. Tsohuwar ta ga matar tela, ta dubi hoton, ta rungume ta ta fashe da kuka.

Matar tela ta tsaya da kwano a hannu. Ta ga hoto da baƙin ƙyalle. Ta ga rigar mijinta a ninke. Ta tuna birkin kekensa ba ya ci.

"Wayyo Allahna! Me ya same shi? Mota ce?"

Ta zube. Matan gida suka fito da gudu, kowa ta ga hoto sai ta ɗora hannu a ka. Matar direba ta ce dama jiya ta yi mafarki. Inna ta fito tana dogarawa tana cewa yaron kirki, bai taɓa ɗaga mata murya ba, alhali shekaran jiya ta kira shi ɓarawon yadi. Mai famfo ya ajiye sifana ya kama yi wa matar tela fifita da murfin tukunya. Gajeren Zango yana tsalle a bayansu yana cewa, "Ku tsaya! Fassara ce ta ɗan zarce!" Ba wanda ya ji shi.

Ana cikin haka tela ya shigo da naɗaɗɗen tamfal a ka. Ya ga shagonsa cike da masu kuka.

"Wa ya mutu?"

Mai famfo ya ɗago. "Kai."

Tsohuwar ta dubi hoto, ta dubi tela, ta saki wata ƙara da ta fi ta bigila. Tsohon ya jefar da hoton ya fizgi hannunta. Ba a taɓa ganin masu shekarunsu sun hau matakala da irin wannan gudu ba. Wannan karon kabad aka ji ana ja.

Da ƙura ta lafa, tela ya shaƙo wuyan rigar Gajeren Zango har ƙafafunsa suka bar ƙasa. "Ka kashe ni da jita! Da raina, da lafiyata!"

"Sun sauko ko ba su sauko ba? Kuma kai da ka san ana son ka haka a gidan nan? Ai godiya ya kamata ka yi mini."

"Minti goma ƙofar can tana buɗe," in ji mai famfo cikin takaici, "ina nan ina yi wa matar mamaci fifita."

Inna ta share hawayenta, ta ga ta yi asararsu a banza, sai ranta ya ɓaci. Ta nuna Gajeren Zango da sanda. "Kai ɗan nan, bari in gaya maka. Ka sake busa wani abu, ko ka kaɗa wani abu a gidan nan, ka kwashe rediyoyinka ka bar mini shagona. Shekara goma sha ɗaya ina haƙuri da ƙarar rijiyarka."

Matarsa ta ɗauki bigila da jita ta kai gidan yayarta.

Wani ne da sai ya haƙura. Gajeren Zango ya koma bayan teburinsa, ya kama murɗa allura kamar mai neman ɓataccen kuɗi a yashi. Da la'asar sai ya ji wata tasha can ƙarshen gilashin rediyo, ana magana da irin lanƙwasar harshen da tsohuwar ta yi kuka da shi. Ya kafa kunne. Sai ga wata waƙa mai daɗi, mace na rerawa da murya kamar zuma, wasu na amsa mata:

"Zumbarika, zumbarika, olo nemtu dash!"

Bayan rubu'in awa aka sake saka ta. Bayan wani rubu'in aka sake.

Ya buga tebur. "Waƙar da ƙasa take maimaitawa duk rubu'in awa, ai ba ƙaramar waƙa ba ce. In ba taken ƙasa ba ce, to waƙar kewar gida ce."

Ya ɗauke ta a kaset, ya haddace ta tsaf, har da wani ɗan nishin jin daɗi da mawaƙiyar take yi a ƙarshe.

Ranar Asabar da hantsi matarsa ta fito ta tarar da tsakar gida kamar kasuwar 'yan rediyo. Duk rediyoyin mutane da ke shagonsa, goma sha bakwai, ya jera su a kan benci da bakin rijiya da matakala, ya haɗa su da waya ɗaya kamar carbi, ga wata tsohuwar lasifika a kan bokiti.

"Malam, ba ka ji abin da Inna ta ce ba?"

"Cewa ta yi kada in busa, kada in kaɗa. Rerawa zan yi. Ki nuna mini inda ta ce kada in rera."

"Wannan wayar ina ka jona ta?"

"Bangon tela."

"Bangon da yake zufa tun Alhamis?"

"Ke kin san wuta ne? Shekara nawa ina cin abinci da ita?"

"Yau ita za ta ci da kai," ta ce, ta janye shanyarta daga kusa.

Labari ya zaga layi. Direba ya zo, mai kanti ya rufe kantinsa ya zo, mai wanki da guga ya zo da dutsen guga a hannu. Mata suka cika ƙofofi. Tela ya tsaya a bakin shagonsa ƙarƙashin tamfal wanda ya yi ciki da ruwa. Inna ta fito da kujerarta ta zauna a gaba, ta ce tana so ta ga ƙarshensa da idonta.

Gajeren Zango ya hau tebur cikin kwat ɗin da hannunta ya rufe masa yatsu. Ya danna kaset. Kiɗa ya tashi daga baki goma sha bakwai. Ya ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗayan a ciki don numfashi ya fito daga tushe, ya ɗaga kai wajen tagar baƙi.

"Zumbarika, zumbarika, olo nemtu dash!"

Labule ya motsa. Taga ta buɗe. Tsohon ya leƙo, gashin bakinsa ya soma rawa. Kafaɗunsa suka kama girgiza. Tsohuwar ta leƙo ta bayansa, ta toshe baki da gefen mayafi, hawaye na bin tabarau.

"Kuka suke!" in ji Gajeren Zango a cikin lasifika. "Kewar gida ce! Na taɓo musu jijiya!"

Ya ƙara himma. Da ya zo baitin da mawaƙiyar take jan murya, sai ya riƙa nuna mutane ɗaya bayan ɗaya don girmamawa: ya nuna tela, ya nuna direba, ya nuna Inna har sau uku da rusunawa. A sama aka ji kabad na matsawa. Tsofaffin suka sauko riƙe da juna, tsohon ya zube a matakalar ƙarshe yana dukan cinyarsa, numfashi na neman gagararsa.

"Wannan kukan," in ji direba, "ya yi kama da dariya."

"Haka suke kuka a can," in ji Gajeren Zango. Ya sunkuya ya murɗe ƙarar lasifika har ƙarshe, ya kama ciki da hannu biyu, ya saki nishin nan na jin daɗi.

Bangon tela ya yi tas! Wani shuɗin haske ya bi wayar kamar maciji. Rediyoyi suka soma fashewa ɗaya bayan ɗaya, tas, tas, tas, tun daga na direba har na goma sha bakwai, kowanne ya saki ɗan hayaƙinsa. Wutar gidan ta ɗauke. Babu abin da ake ji sai ɗigo.

Sannan rufin shagon tela ya sauko gaba ɗaya.

Ruwan kwana uku ya fito ta ƙofar shago da tamfal, da kwanoni tara, da zare kala-kala, da tela a zaune a tsakiya. Ya share ƙafafun teburin da Gajeren Zango yake kai. Gogan ya yi iyo a iska, ya sauka a cikin bahon wankin matarsa, ƙafafu a sama.

Tsohon ya daina dariya. Ya leƙa cikin shagon, ya ɗaga kai, ya ga ƙasan makewayinsa da fasasshen bututu yana feshi. Ya dubi tela, ya dubi kwanonin, ya dubi ƙaton nan da sifana. Ya mari goshinsa. Ya kama mai famfo a wuyan hannu ya ja shi sama kamar mai jan rago. Ba a yi minti biyu ba ruwa ya tsaya.

Saura kwasa. Ruwa ya kai idon sawu, yana neman shiga ɗakuna. Matar Gajeren Zango ta miƙa wa tsohuwar bokiti, tsohuwar ta tattare zane ta karɓa, ta miƙa wa matar tela, aka yi layi har bakin kwata. Da farko ana ta karo, wannan ya miƙa wancan bai shirya ba. Sai tsohon ya sauko, ya kifa wani baho ya soma buga shi da tafin hannu, yana rera waƙar nan ƙasa-ƙasa yana dariya. A "zumbarika" ta farko a ɗiba, a ta biyu a miƙa, a "dash" a watsar. Matar tela ce ta fara amsawa. Direba ya shiga da muryarsa ta kwaɗo. Daga sama mai famfo ya riƙa dukan bututu da sifana daidai kan kiɗa. Tsohuwar ta ja wata murya siririya ta bi ta saman ta kowa, matan gida suka yi mata amshi da wata lanƙwasa da ba ta cikin waƙar, ta juyo ta gyaɗa musu kai, ta ɗauki tasu ta maimaita. Har Inna aka gani tana buga sanda. Tela da tsoho suka kama baho ɗaya, tsohon yana ta shafa kafaɗar tela yana tabbatar da cewa da gaske mai rai ne.

Gajeren Zango ya fito daga baho da lasifika a ƙone a hannu. Ya dubi layin, ƙirjinsa ya buɗe.

"Ban gaya muku ba?"

Daidai nan tasi ta tsaya a ƙofar gida. Injiniya ya shigo da jaka a kafaɗa. Ya ga uwarsa da bokiti, ya ga ubansa yana kiɗan baho, ya ji abin da mutum talatin suke rerawa da iya ƙarfinsu. Jakar ta zame daga kafaɗarsa. Ya jingina da bango yana dariya har ya durƙusa.

"Wa ya koya muku wannan?"

Gajeren Zango ya matso yana matse kwat. "Ni ne, yallaɓai. Ƙaramin aiki ne a wurina. Taken ƙasarku ne ko? Ko waƙar kewar gida?"

"Talla ce," in ji injiniya yana share ido. "Tallar maganin kumburin ciki."

Bokitai suka tsaya a hannu.

"Fassara mana, ɗana," in ji Inna a hankali. "Kada ka rage komai."

"Cewa take: Cikinka ya kumbura? Kwana uku ba ka zagaya ba? Sha Zumbarika, ka ji sakayau. Sai baiti na biyu: Kai ma kana fama, kai ma kana fama, ke kuwa naki ya fi na kowa."

Inna ta juya ta dubi Gajeren Zango. "Sau uku ka nuna ni."

"Inna, girmamawa ce..."

"Har da rusunawa."

Dariyar da aka yi ranar sai da mutanen layin baya suka zo tambaya. Direba ya ɗaga gawar rediyonsa yana tambayar wane yare take yi yanzu. Masu sauran sha shidan suka kewaye shi. Inna ta ce kafin rana ta faɗi ya bar mata shago. Tsohuwar ce ta cece shi: ta kama hannun Inna ta yi ta magana, ɗanta na fassarawa, cewa tun da suka baro gida mijinta bai yi dariya ba sai yau, kuma kwana biyar suna zaune bayan sarƙa suna zaton gidan mahaukata aka kawo su, yanzu sun tabbatar mutum ɗaya ne kawai. Inna ta ce ya zauna, amma sai ya tashi rediyoyin nan goma sha bakwai ɗaya bayan ɗaya, kuma tashar gari kaɗai zai riƙa kamawa.

Wata biyu ya yi yana fama da su. A cikin wata biyun tsohon ya zama ɗan zaman shagon tela, yana zura masa zare a allura suna ƙananan waƙoƙi, kowa da nasa. Tsohuwar da matan gida suka riƙa musayar waƙoƙin aiki a wurin shanya. Kullum da safe kuma, da Gajeren Zango ya buɗe shago, sai tagar sama ta buɗe, tsohon ya leƙo ya rero masa baitin farko da alamar tambaya, shi kuma dole ya ɗaga kai ya amsa da "dash".

Wata safiya wani baƙon mai kawo gyara yana zaune a benci aka yi haka. Ya tambaya me suke cewa.

Gajeren Zango ya gyara hula. "Gaisuwar manyan mutanen ƙasarsu ce. Ba kowa ake yi wa ita ba."

Matarsa tana wucewa da tsintsiya, ko tsayawa ba ta yi ba.

"Tambayarsa yake ko ya samu ya zagaya yau," ta ce. "Kuma ka daina yi wa dattijo ƙarya, Malam. Ba ka zagaya ba."